GORO DA SHAYI: SUNA GYARA HANNUN MAHARBI KO ƁATA SHI SUKE YI?



Maganar da muka ɗauko a wannan fitowa, wani zai ce ba ta shafi ciniki ba. To, ta shafe shi. Duk wanda ya taɓa kwana da shanu a zango, ko tsakanin Dakoro da Maraɗi, ko kan hanyar Tanut zuwa Damagaram har a gangara Maigatari, ya san dukiyar da ya yi shekaru yana tarawa tana kwana ne a hannun yara biyu ko uku masu kwari da baka, wani lokaci da wani tsohon maharbi mai bindigar toka da aka ɗauka rakiya. Ya kuma san abin da ba ya rabuwa da guzurinsu: goro, ganyen shayi, sukari, ga ƴan ƙunshin Nescafé, yanzu kuma har da lemon gwangwani da samari ke kira mai ƙara ƙarfi. Mu ne muke saya musu da kuɗinmu. Saboda haka ya kamata mu san abin da waɗannan kaya ke yi wa hannun da zai ja tsirkiya ko ya danna kunama.

Abin da ya sa muka fara bin diddigin maganar ya faru da mu ne shekarun baya, cikin hunturu. Muna tafe da shanu wajen 40, kwana na huɗu ke nan a hanya. Wani yaro cikin masu kora, haziƙi ne ƙwarai, da rana yakan kakkaɓo kurciya daga kan reshe, shi ya karɓi gadin dare. Tun bayan isha'i yake gaban buta, ya dafa ya sake, ga goro a kunci. Can wajen ƙarfe 3 sai muka ji kukan saniya. Ashe wata karsana ce ta ɓalle ta zagaya bayan wata sabara, yaron ya ga motsi ya saki kibiya, ta same ta a cinya. Kibiyar kuwa da dafi. Dole muka yanka, da safe muka sayar wa mahautan wani ƙauye a yadda suka ga dama.

Tsohon maharbin da ke tare da mu ya ce masa, "Kai ɗan nan, ba ka ko yi magana ba kafin ka saki?"

Yaron ya ce, "Wallahi Baba, ban san sa'ad da ta fita hannuna ba."

Tsohon ya ce, "To da mutum ne fa?"

Babu wanda ya amsa. Abu biyu suka tsaya mana a rai daga wannan dare. Na ɗaya, yaron ya ga motsin da mu duka ba mu gani ba, wato idonsa a buɗe yake tar. Na biyu, wuya ya auna, cinya ya samu, a nisan da bai fi taku 20 ba. Ido ya yi aiki, hannu da hankali suka ƙi.

MENE NE A CIKIN GORON?

Abin da ke cikin goro da shayi da gahawa mai hana barci sinadari ɗaya ne, likitoci suna kiransa kafeyin. Wani masanin haɗa magunguna na Jamus mai suna Runge ne ya fara tace shi daga ƙwayar gahawa a 1819. Amma kakanninmu sun san aikinsa tun kafin a raɗa masa suna. Ayarin da ke tafiya Gwanja da Salaga ai ba don komai suke shan wahalar watanni ba sai don goro, kuma har gobe motar da ta sauke shanu a Kudu takan juyo da huhuna daga Shagamu. Goron da muke nufi shi ne fari da ja da muka sani. Namijin goro wani itace ne daban, ba ya cikin wannan lissafi.

Ga yadda abin yake aiki. Muddin mutum yana farke, wani sinadari mai suna adenosin yana ta taruwa a ƙwaƙwalwarsa, shi ke kawo hamma da nauyin ido. Kafeyin yakan je ya tsare gurbin da adenosin ke zama, kamar dai a ce wani ya riga ka ɗaure bajiminsa a turkenka. Gajiyar tana nan, ba ta je ko'ina ba, saƙonta ne kawai ba ya isa. Daɗin daɗawa, kafeyin yana sa jiki ya saki adirenalin, wato sinadarin da ke zuba a jini in mutum ya razana. Shi ya sa wanda ya sha da yawa yake jin gabansa na bugawa, tafin hannunsa na gumi, ƙaramin motsi ya sa shi zabura.

Ba nan take yake kamawa ba. Yakan kai ƙarshen ƙarfinsa a jini tsakanin minti 30 da awa 1 bayan an sha, kuma bayan awa 5 ko makamancin haka rabinsa yana nan bai fita ba. Mai shan taba jikinsa yakan fi saurin fitar da shi, shi ya sa za ka ga mashayan taba ba sa gajiya da ɗora buta.

Sai maganar awo, don a nan ne akasarinmu muke ruɗuwa. Ana auna kafeyin da miligiram. Cokalin shayi ɗaya na Nescafé yana da wajen 60. Kofin gahawa da aka dafa, 80 zuwa 100. Gwangwanin Red Bull ƙarami, 80. Gwangwanin Coca-Cola, 30 da ɗoriya. Busasshen goro kuwa, cikin kashi 100 na nauyinsa wajen kashi 2 kafeyin ne. Ɗanyen goro kusan rabinsa ruwa ne, amma duk da haka marsa guda, in mutum ya cinye ta shi kaɗai, za ta iya kamo kofin gahawa ko ta wuce. Ganyen shayin Sin da muke dafawa shi ma kashi 2 zuwa 3 ne. Ƙaramin kwali mai giram 25 ke nan yana ɗauke da miligiram 500 ko fiye, kuma da yake mu tafasa shi muke yi har ya yi kauri, mafi yawansa a dahuwar fari yake fita. In mutum huɗu suka raba, kowa ya wuce 100 tun a finjalin farko. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ta faɗa a 2015 cewa baligi mai lafiya zai iya shan 200 a zama ɗaya, 400 a yini, ba tare da damuwa ba. To ku lissafa da kanku abin da yaro zai tara in ya dafa kwali biyu tsakanin isha'i da asuba, ya haɗa da goro biyu.

ABIN DA AKA GWADA

Sojoji sun fi kowa damuwa da wannan tambaya, don matsalarsu irin tamu ce: mutum bai yi barci ba, kuma ana so ya yi gadi da makami. A Amurka an yi gwaji a kan samarin da ake horarwa don shiga wata runduna ta musamman ta sojan ruwa, aka buga sakamakon a 2002 da 2003. Bayan sun yi awa 72 kusan babu barci, sai aka raba su, wasu aka ba su miligiram 100, wasu 200, wasu 300, wasu kuma ƙwayar da babu komai a ciki. Abu na farko da aka gani shi ne rashin barcin ya ɓata harbin kowa. Waɗanda suka sha 200 ko 300 sun fi sauran saurin ɗaukar saiti su harba, amma wajen samun abin da aka auna ba su fi su ba. Wasu gwaje-gwajen da sojan Amurka da na Kanada suka yi a kan masu gadi na awoyi sun nuna abu guda: kafeyin yana hana idon mai gadi yin sanyi, yana sa ya hango abu da wuri, amma ba ya ƙara masa iya harbi.

A Ostareliya ma, a 2009, an gwada ƙwararrun masu harbin faifan yumɓu da ake cillawa sama. Da sun sha da ba su sha ba, makinsu bai canza ba.

Gwajin da ya fi kusa da maganarmu shi ne wanda aka yi a Norwe aka buga a 2019, a kan masu gasar harbi da doguwar bindiga. An ba su miligiram 300. Da suka yi harbi a kwance, rub da ciki, gwiwar hannu a ƙasa, babu abin da ya ragu. Da suka miƙe tsaye sai makinsu ya faɗi. Dalilin a fili yake. Hannun kowane mutum yana da wata ƴar karkarwa da ido ba ya gani, sau 8 zuwa 12 a daƙiƙa guda. Kafeyin mai yawa yana ƙara mata girma. Wanda ya jingina bindiga a ƙasa ko a kututture, ƙasar ce take shanye karkarwar. Wanda ke tsaye ba shi da abin da zai shanye masa.

To kun ga, mai baka kullum a halin na tsaye yake, ko da ya durƙusa. Ba shi da wurin jingina. Hannu ɗaya a miƙe yana tura baka, ɗayan yana riƙe da tsirkiya da dukan nauyinta, kuma iyakar daɗewar da ya yi a jaye, iyakar ƙaruwar rawar hannun. Bari mu yi lissafi irin na kasuwa. Tsakanin hannun da ke riƙe da baka da wanda ke kan tsirkiya akwai wajen santimita 70. In hannun gaba ya goce da santimita 1 tak, wato rabin faɗin yatsa, to a nisan mita 20 kibiya za ta kauce da kusan santimita 30, ya fi taƙi guda. A mita 40 ya ninka. Tsakanin wuyan dabba da cinyarta, ko tsakanin kura da maraƙin da take bi, tazarar ke nan. Masu gasar baka ta Olamfik daga mita 70 suke harbi, tsakiyar abin harbin kuma faɗinta santimita 12 ne da ɗigo 2, saboda haka su ko bugun zuciyarsu suna lissafi da shi.

Ɗan ratse a kan wasanni, don akwai abin lura. Daga 1984 an sa wa ƴan wasa iyaka a kan kafeyin, sai a 2004 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta cire shi daga jerin abubuwan da aka hana. Amma a harbin bindiga da na baka abin da aka hana har yau shi ne magungunan da ke rage bugun zuciya da karkarwar hannu. A gasar Beijin ta 2008 an ƙwace lambobi biyu daga hannun Kim Jong-su na Koriya ta Arewa saboda an sami irin wannan magani, furofaranolol, a jikinsa. Tun a gasar Meziko ta 1968 ma, mutum na farko da aka kora daga Olamfik kan irin wannan laifi ɗan Suwidin ne, Liljenwall, wanda ya sha giya don hannunsa ya natsu kafin harbin ƙaramar bindiga. Wato masu neman yin maguɗi a harbi abin da zai kwantar da jiki suke nema. Babu mai neman abin da zai tayar da shi. Kada fa wani ya ji wannan ya tafi wurin mai sayar da magani a faranti ya nemi waccan ƙwaya. Maganin hawan jini da ciwon zuciya ce, tana iya kayar da mai lafiya, mai asma kuwa tana iya toshe masa numfashi.

TO A DAINA KE NAN?

A'a. Wanda ya ce wa mai kora ya bar goro da shayi a hanya bai taɓa bin shanu ba. Kuma ga wanda ya saba, barin farat ɗaya ya fi shan illa. Duk mun san ciwon kan nan na farkon azumi. Yawancinsa ba yunwa ba ce, rashin kafeyin ne. Yakan fara awa 12 zuwa 24 bayan shan ƙarshe, ya tsananta a rana ta biyu, wani har mako guda bai rabu da shi ba, ga kasala ga saurin fushi. Maharbin da ya shekara 30 yana karyawa da goro, ranar da ka hana shi ran nan ne zai yi kuskure. Jikinsa ya riga ya saba, ɓarin goron da zai sa yaro rawar hannu shi ko a jikinsa. Mai haɗarin shi ne wanda ya zarce abin da ya saba, ko wanda bai saba ba sam ya biye wa abokai. Cikin wofi ma yana ƙara abin, don ya fi saurin shiga jini in babu abinci.

A ganinmu babbar ɓarnar ba a hannu take ba, a barci take. A wani gwaji da aka buga a Amurka a 2013, mutanen da aka ba miligiram 400 awa 6 kafin su kwanta sun yi asarar barcin fiye da awa 1, wasunsu ba su ma san sun yi asarar ba. Ku duba yadda abin ke juyawa a hanya. Yaro ya sha shayi mai kauri da tsakar dare don ya yi gadi. Da aka karɓe shi ya kwanta, barcin bai yi nauyi ba. Gari ya waye an kora. Dare na biyu gajiya ta ninku, sai ya ƙara ganye. Kafin dare na huɗu ya zama irin yaron da muka ba ku labari: ido a buɗe, ƙwaƙwalwa a gajiye, hannu na gaba da tunani. Kafeyin yana taimaka wa mutum ya ga cewa wani abu ya motsa. Tantance ko abin nan ɓarawo ne, ko saniya, ko ɗan'uwansa da ya zagaya bayan gari, wannan aikin hankalin da ya huta ne. In kuma aka haɗa da tiramol, kamar yadda wasu samari ke jefawa a shayi, to maganar ta wuce ta kafeyin, irin wannan ba a ba shi makami sam.

Ba mu raina kwari da baka ba. A Afirka ta Tsakiya, cikin shekarun 1990, Fulani makiyaya sun kafa ƙungiyoyin ƴan baka don tunkarar zargina masu tare hanya, kuma fataken da suka bi ta can sun san amfanin da suka yi. Amma yau ɓarayin da ke addabar kudancin Maraɗi da Zamfara da Katsina manyan bindigogi suke ɗauke da su. A irin wannan hali amfanin mai gadi shi ne ya gani da wuri, ya tada mutane, a kauce. A nan kam shayi daidai gwargwado yana da rana.

Saboda haka ga abin da muke ba iyayen gida shawara. A raba dare gida biyu ko uku, kowa ya san lokacinsa tun da magariba. Finjalin farko mai ɗaci a ba wanda zai fara gadi, ya sha kamar rabin awa kafin ya hau. Wanda zai kwanta ya jira dahuwa ta uku, ko ya haƙura. Mai gadin ƙarshe ya sha nasa in an tashe shi, kada ya sha tun da dare. Kada mutum ɗaya ya haɗa shayi mai kauri da Nescafé da lemon gwangwani a zama guda, kowane ɗaya ya isa. In maigida ne ke riƙe da kwalayen ganyen yana bayarwa ɗaya ɗaya, rabin matsalar ta kau. Mai bindiga ya nemi abin jinginawa in hali ya yi. Mai baka kada ya daɗe a jaye, in bai saki cikin ɗan lokaci ba ya sassauta, ya numfasa, ya sake ja. Kuma kowa ya riƙe ƙa'idar tsofaffi: a haska tocila, a yi magana, a ji amsa, sannan a ɗaga makami.

Masu fita farauta in an sauka zango su ma abin ya shafe su, sai dai nasu da sauƙi tunda da rana ne kuma sun huta. Goron da aka saba ya wadatar, ba a ƙara don wai ido ya yi kaifi. Muna tuna musu kuma cewa a Nijar akwai dokar farauta ta 1998, da takardar izini da lokacin da aka buɗe da dabbobin da aka hana taɓawa, ma'aikatan gandun daji kuwa ba sa karɓar uzurin rashin sani. Ƙetare iyaka da bindiga, ko ta toka ce, wata rigima ce daban da jandarma da duwan wadda za ta iya tsayar da garke duka.

Akwai gwajin da kowa zai iya yi a gida. A cika finjali da ruwa har baki, a riƙe shi da hannu a miƙe, a ƙirga zuwa 30, a duba abin da ya zube. A yi haka da safe kafin a sha komai, a sake bayan awa 1 da shan abin da aka saba, wata rana kuma a gwada bayan an ninka. Mai baka ya kafa tsohon kwano a taku 25, inda babu mutane ko dabbobi a bayansa, ya saki kibiya 10 marasa dafi a kowane hali, ya ƙirga. Kada a yanke hukunci da rana ɗaya, a maimaita kamar sau uku. Wanda ya gwada da yaransa, muna roƙo ya rubuto mana abin da ya gani ta hannun sakataren reshensa, ya faɗi shekarun yaron da abin da ya sha da awa nawa ya yi barci a daren, za mu buga ba tare da suna ba.